Yadda muka rataye Medusa a bango

Mai gidan baje kolin ce ta kawo shawarar, ni kuma aka ɗora wa ɗawainiyar. So take a tara ayyukan mata masu zane na wannan zamani, waɗanda suke ɗauko tsofaffin hikayoyi da almara su sake wa matan da ke cikinsu fasali. Nawa aikin shi ne in zaɓo masu zanen, in bi sawun kowane zane tun daga ɗakin da ake yin sa har ya hau bango, sannan in rubuta bayanin da 'yan kallo za su karanta.

Tun kafin in tuntuɓi kowa na kafa wa kaina sharaɗi guda. Hoton mace mai macizai a ka, ko mai jelar kifi, ba wuyar samu gare shi ba. Intanet cike take da su, kuma galibinsu ado ne kawai. Ni wanda ya taɓa gundarin labarin nake nema: wa ke kallo, wa ake kallo, kuma a wace gaɓa aka tsayar da hoton. A mafi yawan hikayoyin nan mace ba ita ke aikatawa ba, ita ake aikata wa. A bi ta, a sace ta, a tsine mata, a mayar da ita bishiya ko dutse ko tsuntsuwa. Ko a tatsuniya ma Ƙoƙi ba ta rasa fitowa, amma labarin na Gizo ne, ba a cika tsayawa a ji ta bakinta ba. Da wannan ma'auni na tace sunayen da ke hannuna har suka dawo biyar.

Wadda na fara kai wa ziyara ita ce babbarsu, dattijuwa da ta fara riƙe burushi tun kafin a haife ni. Malama nake ce mata. Ɗakin aikinta duk warin man sirka fenti ne, kuma a jikin bango ta jingine wani zane da ya fi ni tsayi, wanda a lokacin bai ma kammala ba. Medusa ce. Ga labarin yadda mawaƙin Rumawa Ovid ya rubuta shi kimanin shekara 2,000 da suka wuce: budurwa ce kyakkyawa, kuma abin da aka fi yabo a jikinta gashinta ne. Neptune, ɗaya daga cikin ababen bautarsu, ya yi mata fyaɗe a cikin ɗakin bautar Minerva, ita ma abar bautarsu ce. Minerva ta fusata, amma ba a kansa ta huce ba, sai ta mayar da gashin yarinyar macizai. Duk wanda ya haɗa ido da ita ya zama dutse, har ranar da wani jarumi mai suna Perseus ya lallaɓo tana barci, yana kallonta ta cikin sheƙin garkuwarsa, ya fille mata kai. Masu fasahar Turai wannan ƙarshen suka fi so. Mutum-mutumin tagullar da Cellini ya ƙera, wanda aka kafa a dandalin birnin Florence a 1554, Perseus ne tsaye a kan gawarta ya ɗaga kan sama.

Malama ba ta bi ta nan ba. Tata Medusar tana da rai, tana zaune a bakin gado da sassafe, washegarin tsinuwar. Macizan sun kwanto mata a kafaɗa, wasu ma barci suke. A cinyarta akwai mataji, ta riƙe shi da hannu biyu, abin da ba zai ƙara yi mata amfani ba. Kuma ta zuba wa mai kallo ido, ko ƙiftawa babu.

Na gama bayanina, ta goge hannu da tsumma ta ce, "Ɗiyata, baje kolin mata kuma? Kin taɓa jin an ce baje kolin maza? Su in sun taru, sunansa baje koli kawai." Na ce, "Haka ne, Malama, amma kin fi ni sanin lissafin." Lissafin kuwa sananne ne. A 1989 ƙungiyar Guerrilla Girls, matan nan masu fasaha da ke rufe fuska da ta goggon biri, sun fitar da ƙidayar da suka yi a gidan tarihin Metropolitan na New York: a sashen fasahar zamani matan da aka baje ayyukansu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma kashi 85 na hotunan tsiraici na mata ne. Babban baje kolin Venice na Italiya tun 1895 ake yin sa, amma sai a 2022 mata suka yi gagarumin rinjaye a cikinsa, lokacin da Cecilia Alemani ta tara masu fasaha 213 daga ƙasashe 58, ta kuma aro sunan taron daga wani ɗan littafin Leonora Carrington, 'yar Ingilar da ta ƙare rayuwarta a Meziko tana zana mayu da dawakai da mata masu rikiɗa. Malama ta saurara har na kai aya, sannan ta ce duk ta sani, kuma shi ya sa take gudun abin: a ware wa mata ɗaki guda, a tafa musu, a koma gidan jiya. Ba ta yi ƙarya ba. Na sha ganin baje kolin da babu abin da ya haɗa ayyukan cikinsa sai cewa mata ne suka yi su. Muka rabu a kan za ta shiga, muddin sunan baje kolin da tallarsa a kan hikayoyin za su tsaya.

Ta biyu sa'ata ce, da allin launi take aiki a kan takarda mai kauri, kuma ba ta ɓoye cewa ayyukan Paula Rego ne suka buɗe mata ido ba. Rego 'yar Fotugal ce da ta rasu a Landan a 2022. A 1994 ta zana jerin mata da allin launi, suna durƙushe suna gurnani irin na karnuka, jikinsu da nauyi, ƙwaurinsu da ƙarfi. Ita sa'ar tawa Daphne ta ɗauka, budurwar da Apollo, abin bautar Girkawa da Rumawa, ya biyo a guje, ta roƙi mahaifinta ya cece ta, aka mayar da ita bishiya. A sassaƙen da Bernini ya yi da farin dutse a Rum a shekarun 1620, ganye na tsirowa daga yatsunta gwanin sha'awa, har mutum ya manta cewa gudun ceton kai take yi. Ita kuwa wannan ƙafafu kawai ta zana, daga gwiwa zuwa ƙasa, zane uku. A na farko dunduniya a ɗage take, ana cikin gudu. A na biyu yatsun sun fara nutsewa cikin ƙasa, jijiyoyin idon sawu sun miƙe suna jayayya. A na uku ɓawo ya haura har ƙwauri. Ta ce mini, "Wai an cece ta. Wane irin ceto ne a kafe ki wuri ɗaya har abada, shi kuma ya zo ya tsinki ganyenki ya yi wa kansa kambi?"

Autarsu, wadda take ce mini Yaya, matar ruwa take zanawa, Mami Wata. Ita ta nuna mini abin da ya sa ta kamu da labarin. Sanannen hoton nan na mace mai yalwar gashi da maciji naɗe a jiki, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne kamannin Mami Wata, asalinsa hoton wata mai wasa da maciji ne da aka buga a birnin Hamburg na Jamus a shekarun 1880, daga baya aka sake buga shi a Indiya, ya bazu a Afirka. Wato almarar ma aro take yi. Ta ce in haka ne, ita ma tana da ikon ƙara nata. Ba ita ce farau ba: Wangechi Mutu 'yar Kenya ta ƙera tata matar ruwan da tagulla a 2017, a shekarar kuma Harmonia Rosales ta ɗauki zanen Botticelli na haihuwar Venus, abar bautar Rumawa, ta sa Oshun, abar bautar Yarabawa, a gurbinta. Ta autar ta juya wa mai kallo baya tana taje gashi, fuskarta ba ta fito ko'ina ba, har a madubin da ke hannunta ruwa kawai ake gani.

Sauran biyun ba zan tsawaita a kansu ba. Ɗaya tana shafa fenti ta bayan faifan roba garai-garai, a kalli zanen ta gaba, dabarar da Nalini Malani ta Indiya ta yi suna da ita. Cassandra ta zana, ta almarar Girkawa, mai faɗin gaskiyar da aka tsine wa kada kowa ya yarda da ita. Ɗayar ba ta ari labarin kowa ba, nata ta ƙago da gawayi a ƙananan takardu, bisa turbar da Toyin Ojih Odutola ta bi a cibiyar Barbican ta Landan a 2020, inda ta jera zane 40 na wata daular da ta ƙirƙira, wadda mata mayaƙa ke mulki.

Daga nan sai takardu, ɓangaren da ba mai so. Kowane zane da tasa: suna, shekara, kayan aiki, tsayi da faɗi, darajarsa saboda inshora, da yadda za a raba kuɗi in an sayar, wanda a wannan sana'a galibi rabi da rabi ne tsakanin mai zane da gidan. Awon da ake rainawa shi ya nuna mana tun da wuri cewa Medusa ba za ta shige ƙofa a tsaye ba sai an karkata ta.

Babbar damuwata fentin Malama ce. Fentin mai ba ya bushewa irin na ruwa, wanda iska ke kwashe danshinsa. Shi iskar yake sha a hankali har ya taurare, sama ta riga ciki. Yana iya daina kama yatsa alhali cikinsa ɗanye ne, shi ya sa ake jira wata 6 zuwa shekara kafin a shafa masa man sheƙi na ƙarshe. Malama kuwa lokaci na ƙaratowa tana nan tana taɓa idanun. Na kira ta na ce, "Malama, don Allah a ajiye burushin nan haka." Ta ce, "Idon hagu bai fara kallo ba tukuna." Ba yadda na iya. Muka sa kafinta ya ƙera akwati na musamman, wanda zanen zai tsaya a ciki a ɗaure ta gefe-gefe, babu abin da zai taɓa fuskarsa, ko da takarda ce. Na allin launi kuma tasu matsalar daban. Alli ƙura ce da ta maƙale a takarda, girgiza kaɗan sai ta zubo. Ba a rufe shi da robar nan mai kama da gilashi, domin jan ƙurar take yi ta manne a jikinta. Gilashi na gaske ake sawa, a bar rata tsakaninsa da takardar, kuma ba a kifa shi.

Da akwatunan suka iso ba mu buɗe su nan take ba. A rufe suka kwana cikin ɗakin don su saba da yanayinsa, domin yadi da katako da takarda duk suna miƙewa suna takurewa da sauyin zafi da laima, fenti kuma ba ya iya bin su, sai ya tsage. Ɗakin muna riƙe shi a wajen digiri 20, laimarsa tsakanin kashi 40 da 60. Washegari muka sa safar hannu muka shiga dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ana kashe fitilun sama, a ɗauki tocila a kwantar da haskenta daga gefe, ya bi fuskar zanen a kwance. Abin da ido bai gani ba sai ya fito da inuwarsa: silin gashin burushi da ya maƙale a kumatun Medusa, 'yar lotsewa a kusurwar ƙasa inda wani abu ya taɓa dannawa ta baya, sawun babban yatsan mai zanen a gefen gadon. Kowanne a ɗauki hotonsa, a rubuta, in sa hannu, mai zanen ta sa. Ranar mayarwa ake gudu, kada a tsaya ana "da ma haka yake" da "ba haka na kawo shi ba".

Wani daga cikin masu yi mana talla ya kawo shawarar a shafa wa bango ruwan hoda, wai ya dace da taken. Ban ma kai maganar gaban masu zanen ba. Muka bar ɗakin fari, bango ɗaya tak muka yi wa kore mai duhu sosai, na Medusa.

Kafin a huda ko rami ɗaya, jingine zane-zanen ake yi a ƙasa, kowanne a kan soso, a inda ake tunanin zai zauna. A ja da baya a duba, a ɗauke, a sake. A nan ƙasa ne wani abu ya bayyana wanda hotunan waya ba su nuna ba: Medusa tana riƙe da mataji ba ta taje komai, matar ruwa tana taje gashi ta ƙi nuna fuska. Mata biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya ta yi jika da ɗaya, kowacce ta sa mataji a hannun tata. Muka matso da su kusurwa ɗaya, ta yadda mai kallo zai bar bayan wannan ya juyo ya ci karo da idon waccan. Ban rubuta wannan a ko'ina ba, na bar wa mai ido.

Ƙa'idar ratayewa ita ce tsakiyar zane ta zauna daidai idon mutum a tsaye, wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, kuma a bi layi ɗaya duk ɗakin. Kafintanmu, dattijo mai haƙuri da ya daɗe a aikin, ya auna ya sa alama da fensir, yaransa suka ɗaga Medusa suka riƙe. Zanen dogo ne, fuskar kuma tana sama da tsakiyarsa, sai idanun suka tafi can bisa kawunanmu. Nan take ta zama abar da ake ɗaga kai a kalla a wuce. Malama tana zaune a kujera ta ce, "A sauke." Aka sauke. "A ƙara." Kafinta ya juyo ya dube ni ya ce, "Hajiya, in aka ƙara, tsintsiya ma sai ta same shi." Na ce, "Baba, a ƙara ɗin mu gani." Sai da gindin firam ɗin ya rage bai fi faɗin tafin hannu ya taɓa ƙasa ba, sannan idanun suka sauko daidai nawa. Bambancin ba kaɗan ba ne. A sama hoton wata dodanniya ce ta zamanin da. Da aka sauke, sai ga mace zaune a gabanka tana jiran ka yi magana. Muka karya layin ɗakin saboda ita, muka kafa ɗan shinge ƙasa-ƙasa a gabanta, aka kuma ja kunnen mai shara.

Ƙafafun Daphne akasin haka muka yi musu. Hankali zai ce a sauke su inda ƙafa take, amma mai su ta ce a kai su daidai ido, mutum ya kalli abin da bai saba kallo ba. Da aka rataye su a bangon da ke fuskantar koren, sai gilashinsu ya ɗauko Medusa. Kana duban ƙafafun, ga ta a ciki tana kallonka ta bayanka. Mai gidan ta yi murna ƙwarai, ta ce ai garkuwar Perseus ce ta faɗo mana kyauta, kada a taɓa. Ni ma abin ya burge ni. Amma mai Daphne ta tsaya a gaban aikinta ta ce, "'Yar'uwa, ban yi wata da watanni ina goga alli don in zama madubin wata ba." Gaskiyarta. Irin wannan dabara mai shirya baje koli take yi wa ado, ba mai zane ba, kuma da an bar ta, da an maimaita wa Daphne abin da labarin ya yi mata. Aka cire, aka toshe ramukan, aka mayar da su bangon gefe.

Haske ya ci lokaci fiye da ratayewa. Takarda da allin launi ba sa jure shi, ƙa'idarsu wajen lux 50 ce a ma'aunin ƙarfin haske, fentin mai kuma yana ɗaukar har wajen 200, kuma abin da haske ya koɗar ba ya dawowa. In mutum ya fara da mai haske, na takardar duhu za su yi masa. Saboda haka muka tsara hanyar ta fara da ƙananan zanen gawayi a bakin ƙofa, inda hasken ya fi rauni, ido ya saba, a bi ta Daphne, a ƙare da koren bango. Mai gyaran wuta yana kan tsani, ni ina ƙasa da na'urar awon haske ina cewa, "Dama kaɗan, sauko, tsaya nan." A karkace fitila take sauka kan zane, wajen digiri 30, in ta fi haka tsayuwa firam ya jefa inuwa, in ta fi haka kwanciya ƙyalli ya dawo wa mai kallo cikin ido. Medusa da ba ta sha man sheƙi ba ta ba mu wuya, nan yana ƙyalli, can ya dushe. Sai da aka raba mata fitila biyu marasa ƙarfi daga gefe da gefe sannan ƙyallin ya bar goshinta.

Rubutun bayani shi ne inda na fi daɗewa. Malama ba ta son ko kalma ɗaya kusa da zanenta. Hujjarta, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin baje koli ya lura zai shaida, mutane sukan zo su sunkuya su karanta 'yar takardar, su ɗago su yi wa zanen kallo ɗaya don tabbatar da abin da suka karanta, su wuce. Ni kuma wanda bai taɓa jin sunan Medusa ba nake tunani. Mace zai gani da macizai, ya ce aljana ce ko mayya, matajin nan ba zai ce masa komai ba. Zanen da yake gardama da labari yana bukatar mai kallo ya san labarin, in ba haka ba da wa ake gardamar? Hana bayani, a ganina, rufe ƙofa ne ga duk wanda bai yi karatun abin ba.

Abin da muka daidaita a kai shi ne raba biyun. A gefen kowane zane suna da shekara da kayan aiki, shi ke nan. Labarin kuma a bango, taku biyu kafin a iso zanen, jimla uku ko huɗu, kuma ya tsaya cak a inda zanen ya fara. Na Medusa ya ƙare da mayar da gashinta macizai, babu Perseus a ciki sam. Na Daphne ya ƙare da roƙon da ta yi wa mahaifinta. Ban yarda in rubuta wa kowa abin da zai ji ba; babu "wannan zane yana nuna ƙarfin mace" da makamantansu, domin jimla ce da za a iya liƙa wa kowane zane a ɗakin. Wuri guda aka so a sassauta. Mai gidan ta nemi in sakaya abin da Neptune ya yi, saboda iyalai da 'yan makaranta za su zo. Masu maimaita labarin sukan yi haka, su ce soyayya suka yi, sai hukuncin Minerva ya zama yana da dalili. Na ce in aka sakaya nan, zanen Malama ya rasa madogara. Muka bar shi yadda yake, muka sa sanarwa a ƙofa cewa wasu labaran sun ƙunshi cin zarafi, mai zuwa da yara ya sani.

Ranar buɗewa ba ta da wani labari. Cunkoso ne da gaishe-gaishe, kowa ya juya wa bango baya yana hira. A kwanakin da suka biyo baya ake ganin ko aikin ya yi. Nakan zauna a kujerar mai gadi in lura. Da yawa sukan tsallake Cassandra, wadda ta faɗa kusa da ƙofar fita. Abin ya yi daidai da labarinta har ya so ya ba ni dariya, amma mai ita ba ta ga abin dariya ba, aka matsar da benci gabanta. A gaban Medusa kuwa mutane iri biyu ne. Wasu su tsaya daf da shingen su daɗe. Wasu, maza da mata, su kai idonsu kan macizan, kan gadon, kan matajin, ko'ina ban da fuskar. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta tambayi uwarta, "Mama, to shi mutumin me aka yi masa?" Uwar ta duba bangon bayanin, ta sake dubawa, ta ce, "Ba su faɗa ba."

Zanen gawayin ne suka fara samun jan ɗigon da ake liƙawa a gefen wanda aka saya. Daphne wani ya so na farko kaɗai, mai ita ta ce ukun tare suke tafiya ko su zauna, daga baya wata ta kwashe su duka. Medusa ta sami mai so guda da gaske, wani mai tara zane-zane da ya yi ta dawowa. Rannan ya ja ni gefe ya ce a falonsa zai sa ta, ko mai zanen za ta yarda ta ɗan sassauta idanun, tunda fentin ma bai gama bushewa ba. Na isar da saƙon yadda aka ba ni, don aikina ne. Malama ta ce, "Ki gaishe shi da kyau. Ki ce masa akwai masu zana furanni."

Da aka rufe, muka bi matakan a juye. Aka kashe fitilu, aka sake kwantar da tocila a kan kowane zane ana gwadawa da hotunan farko. A ƙasan firam ɗin Daphne na biyu mun sami 'yar ƙurar jan alli da ta zubo, aka rubuta, mai ita da mai sayen duka suka gani suka sa hannu. Medusa ta koma akwatinta zuwa ɗakin Malama, inda za ta cika sauran watanninta kafin a shafa mata man sheƙi. Wani gidan baje koli ya riga ya aiko yana neman aronta, Malama kuma ta sa na rubuta musu sharaɗinta a takardar aron, da lamba ɓaro-ɓaro: daga ƙasa zuwa idanun kada ya wuce santimita 155.